Inda Malam Kumai Yake Magana

Afiniki matar Malam Kumai tela ce, kuma in dai kayan coci ne ko ankon zumuntar mata, to a Kafanchan ba a tsallake ƙofarta. Kekenta na ɗinki yana baranda, a wani gidan haya da ke bayan layin dogo, inda kowane jirgi ya wuce sai kwanukan ɗakinta sun amsa. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Fadan Kaje. Ba ta yi boko mai nisa ba, iyakarta ajin mata na mishan, inda ta koyi karanta Littafi Mai Tsarki da riƙe almakashi. Doguwa ce mai saurin hannu da saurin baki, irin matan da in sun shiga kasuwa sai ka ji su kafin ka gan su. Sai Allah ya haɗa ta da mutumin da ba ya magana.

Malam Kumai malamin gona ne. Ba mugu ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya leƙa gidan burkutu, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma an rene shi a gidan da namiji ba ya zaman hira da mace. In za su ƙauye, shi yana gaba da lema, ita tana baya da kaya. In ta kawo tuwo ya ce an gode, in ta ce ɗaki yana yoyo ya ce to. In ta ɗaga ido ta dube shi, nan take zai sami abin gyarawa a jikin rediyo. A waje kuwa, tara masa manoma ka ce ya yi musu bayanin takin zamani, sai rana ta faɗi bai gaji ba. Wannan ya fi komai ci mata rai, don ya nuna bakin lafiyarsa lau, ita ce dai ba ta da rabo a ciki.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Babbar, Irene, tana makarantar kwana a Zonkwa. Ƙanenta Luke kuwa baƙon dauro ya ɗauke shi yana ɗan yaye. Tun ranar da aka rufe kabarin, Kumai bai ƙara furta sunan yaron ba. Afiniki ta yi kukanta ita kaɗai, ta kuma riƙe mijin a zuci. A ganinta, mutumin da zai binne ɗansa ya dawo ya tambayi ruwan wanka, ba a san abin da ke ƙirjinsa ba.

Babur ya shigo gidan a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Ma'aikatar gona ce ta ba shi don zagayen ƙauyuka, Honda baƙi mai jan tanki. Afiniki ba ta ko kalle shi sau biyu ba. Kayan aiki ne, kamar fartanya. Sai wata safiya aka aiko cewa uwarta ba lafiya, motar kasuwa kuma ta riga ta tashi. Kumai ya tsaya yana ta juya makulli a hannu, can ya ce, “Ki shirya.”

Ta hau yadda mata suke hawa, ƙafafu a haɗe gefe guda, zane a lulluɓe, hannu biyu a kan ƙarfen ɗaura kaya. Riƙe miji a bainar jama'a ai ba tarbiyya ba ce. Haka suka fita gari, tana zaune a sandare. Da suka wuce Madakiya suka iso wata kwana mai yashi, ya kwantar da babur hagu, ita kuma tsoro ya sa ta ja jikinta dama da ƙarfinta duka. Sai ga su cikin gonar gwaza, shi nan, ita can, babur yana ta kuka a kwance.

Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ɗaga babur, sannan ya yi mata jawabi mafi tsawo tun ranar aurensu.

“In na kwanta, ki kwanta. Kada ki yi gardama da mashin. Ki raba ƙafa ki zauna sosai, kuma ki riƙe ni.”

“A kan hanya, Baban Irene?”

“To wa ke nan? Birai?”

Dariya ta ƙwace mata. Ta duba gabas da yamma, ta tattare zane, ta hau ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mai ɗaukar murfin tukunya daga wuta. Kafin kwana ta gaba hannun ya zagaye ƙugunsa.

Ba su yi nisa ba ta ji yana magana. Da farko ta ɗauka da babur yake. Ashe da ita yake. Wai ta dubi gonar can, mai ita ya yi gaggawar shuka, zai yi kuka. Wai wancan rafin nan ne ya kusa cinye shi yana yaro, ran da ya bi yayyensa kamun kifi. Iska tana kwashe rabin maganar, sai ta kara kunnenta a bayansa don ta kauce wa iskar, ta ji muryar tana fitowa ta cikin haƙarƙarinsa tar. Ya ba ta labarin ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa ya ruga daji, da yadda daga baya ya kwana biyu yana kuka don an hana shi aikin reluwe. Har ya kwaikwayi muryar wani malaminsu na firamare. Afiniki ta yi tsit, tana tsoron ko tari ta yi abin zai tsaya. Suna isa ƙofar gidansu ya kashe babur, bakin ma ya mutu tare da shi.

Uwar ta warke. Amma Afiniki ta dawo da abin da ba ta je nema ba: ta gane cewa mutumin nan yana iya magana da ita, muddin ba ya ganin idonta.

Daga nan ta shiga dabara. Kowace Lahadi in an tashi sujada, sai ta tuno wata gwaggo da ba a gaishe ta ba, ko wata haihuwa da ba a yi barka ba, kuma duk a nesa suke. Dangi suka yi ta mamakin wannan sabon zumunci. Da gwaggonnin suka ƙare, shi da kansa ya ɗauki abin. Ranar wata Asabar yana goge tanki da tsumma, ya tambayi tayar gaba, “Kin taɓa ganin ruwan Matsirga?” Ba ta taɓa ba, alhali a tsallakensa ta girma. Mutanenmu ba sa zuwa kallon ruwa. Ruwa ɗebowa ake yi, ko a yi wanki. Kallonsa aikin Turawan mishan ne masu ɗaukar hoto. Suka je, suka zauna a kan dutse suna cin dafaffen gwaza da manja, ruwa yana zubowa da rugugin da ba a jin maganar kowa, wanda hakan ya yi wa Kumai daidai.

Sai abin ya zama jiki. Suka zagaya gindin dutsen Kagoro, suka je Kwoi, suka je Manchok. Suka shiga Kachia lokacin shanyar citta, ƙamshi yana sa su atishawa. Ran nan suka kai har Hawan Kibo, babur yana nishi, ita tana addu'a da ƙarfi, shi yana yi mata dariya. Ta koyi kwanciya a kwana tun kafin ya kwanta. Ta san ƙarar da ke nufin sarƙa ta saki. Ya faci taya, ita ta riƙe masa tiyo a ruwan rafi tana neman inda yake kumfa. Da ta gaji da faɗa da zane, ta yanka ragowar kakin wani ɗan sanda ta ɗinka wa kanta wando, tana sawa a ƙarƙashi. Wannan wandon ya sha zagi a Kafanchan fiye da ɓarawon akuya.

A hanyar dawowa daga Kachia ne, wata rana da yamma bayan an ɗauke ruwan sama, har ta zaci labarin ranar ya ƙare. Sai ya ce, “Da yanzu Luke ya isa zama a kan tanki.”

Ta ji bayansa yana rawa, ba rawar hanya ba. Ya gaya mata yadda ya goya yaron a keke zuwa asibiti, da inda ya kai a hanya ya ji jikin ya saki, da yadda ya ci gaba da tuƙawa duk da ya sani. Ya ce ya ɗauka tana ganin laifinsa don ya tsaya jiran gari ya waye, shi ya sa ba ya iya haɗa ido da ita. Ta ce ita kuwa ta ɗauka bai damu ba. Ta yi kuka ta jiƙa masa riga, shi ma ya yi nasa, iska tana share masa. Suka wuce mararrabar gida ba wanda ya ce a juya. A duk rayuwarta ba ta taɓa son wani mahaluki kamar yadda ta so shi a wannan yammacin ba.

Gari kuwa ba ya barci. Maƙwabciyarta Hellen, matar wani ma'aikacin reluwe, ta tare ta a bakin famfo.

“Mama Irene, wai ina kuna zuwa haka kowane Sonde? Mutuwa ne?”

“Ba mutuwa.”

“Biki?”

“Yawo kawai.”

“Yawo.” Hellen ta sauke bokiti. “Da mijin ki?”

Da a ce ta ce da wani ƙato take fita, da Hellen ta fi ganewa. A zumuntar mata aka yi wa'azi a kan kunya, ba a ambaci suna ba, amma kowa ya waiwayo. Afiniki ta toshe kunne. Tana da abin da ba su da shi, ta kuma san haka, har tana ɗan taƙama.

Abin da gulma ta kasa, salansar babur ta yi. Wata Lahadi tana sauka, ƙafar wandon ta tattare, ƙwaurinta ya manne da ƙarfe mai zafi. Ƙunar ba wata babba ba ce, amma ta yi ruwa, ta ɗauki makonni tana ɗingishi. Ta shiga coci da bandeji kowa ya gani. Sai ga yayan Kumai, Rufus, ya taso daga ƙauye takanas. Shi ne babba a gidansu tun rasuwar ubansu, kuma mutum ne da ba ya rage murya don yana ɗakin wani. Tana baranda tana jin su.

“Kai babban ma'aikaci ne. Mutane suna duba ka. Kana jan matan ka a titi kaman buhun taki, ya sa wando, ya kama ka a gaban yara. Yanzu ga shi ka ƙone shi. In ƙafan ya ruɓe, me za ka gaya wa iyayen shi?”

Afiniki ta so a ce fushi Kumai ya yi. Ba fushi ya yi ba, kunya ya ji, kuma kunyar irin wadda ta sani ce, ta mutumin da ya sake cutar da nasa. Da ƙafar ta warke suka koma fita, amma a hankali yake tuƙi, yana yawan tambaya ko ta gaji. Ta yi ta ce masa ƙuna ba komai ba ce, ko a madafa ana ƙonewa.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, shi ma aka ƙara masa girma. Bai gaya mata abin da yake ƙullawa ba, ko a kan babur. Wata Juma'a da la'asar tana ɗinki sai ta ji odar mota a ƙofar gida, yara suna ihu. Ta fito ta ga farar fijo, ta hannu ce amma tana sheƙi, Kumai a ciki ya sha kwat. Matan gidan suka fito da guɗa. Hellen ta rungume ta tana cewa Allah ya share mata hawaye.

Afiniki ta leƙa bayan motar, ta leƙa lungu. “Ina mashin?”

“Na sayar wa Martins na disfensare,” in ji shi, yana shafa madubi. Ya ƙara da ƙaramar murya, “Kin huta da ƙuna.”

Domin ta ya yi. Wannan shi ne abin da ya ɗaure ta. Da mugunta ce da ta san ta inda za ta fara. Mutum ya yi maka alheri a gaban jama'a, yana murmushin da ba kasafai ake gani ba, me za ka ce? Ta durƙusa ta yi godiya yadda ake yi. Fasto ya zo ya ɗora hannu a kan motar ya yi addu'a. Aka dafa shinkafa.

To, a ƙasarmu ba a wucewa da kujera ba kowa. Babur in ya ɗauki mutum biyu da ƙunshin gwaza ya cika, ba mai jin haushi. Mota kuwa ta dangi ce. Kafin Kumai ya tayar da ita an riga an ji, wannan za a sauke shi a Zonkwa, wannan tana da mara lafiya, wancan buhun acca kawai zai aika. Gaba ta Rufus ce in yana gari, in ba ya nan ta wani dattijo ce, don ba a sa babban mutum a baya mace tana gaba. Afiniki ta koma kujerar baya, tsakanin surukai da kaji. Ba a kuma fita haka kawai. Wa zai ƙona man mota don kallon dutse? Sai jana'iza, sai biki, sai ɗauko Irene ranar hutu.

Ran da aka yi sa'a suka fita su biyu, ta zauna a gefensa tana jira. Ya kafa wa hanya ido, ya kunna rediyo. Ta gwada juya fuska tana kallon taga don ya sake, bai sake ba. Wata rana ta yi dabarar shiga baya ta zauna daidai ƙeyarsa, ta ɗora goshi a jikin kujerarsa. Ya duba madubi suka haɗa ido, ya ce, “Ni direbanki ne?” Ta fito ta dawo gaba.

Ta so ta gaya masa abin da motar ta raba su da shi. Ta shirya maganar a kan keken ɗinki har ta haddace. Amma a ina za ta faɗa? A falo, yana gyaran rediyo? Wuri ɗaya ne a duniya da ake irin wannan magana tsakaninsu, shi kuma yana gidan Martins. Damina biyu ta wuce a haka. Bakinta da ake ji tun daga bakin kasuwa ya ragu, har masu kawo ɗinki suna tambaya ko lafiya.

Wata Lahadi bayan sujada ta ajiye kunya ta tafi bayan disfensare. Martins yana bakin aiki. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce aron babur ta zo, na yammacin nan kawai.

“Madam, motan ya samu matsala ne?”

“Lafiyarta ƙalau.”

Ya dube ta, bai gane ba, amma ya miƙa makulli. Ita ba ta taɓa koyon tuƙi ba, nata zaman baya ne. Ta kama ƙaho biyu ta tura shi tun daga can har gida, gumi yana bin wuyanta. An sake masa fenti, an ɗaura akwatin katako a inda take zama. Ta kwance akwatin ta ajiye a baranda. Ta shiga ta ɗauko gwazan da ta dafa tun safe, ta sa wandonta a ƙarƙashin zane, ta fito ta tsaya kusa da babur, ta yi kira.

Kumai ya fito da jarida a hannu. Ya tsaya cak. Ya sauko a hankali, ya zagaya babur ɗin, ya ɗora tafinsa a kan tanki. Ya duba sarƙa ya ce, “Ba ya sa mata mai.” Ta ga ƙafarsa ta dama ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Zuciyarta ta yi tsalle kamar ta yarinya.

Labule ya buɗe. Ashe Rufus ya iso tana can, yana falo yana jiran a kai shi gaisuwar mutuwa a Zonkwa. Ya dubi babur, ya dubi ƙanensa, ya dubi bakin wandon da ya leƙo.

“Mene ne wannan kuma? An ƙwace motan ne? Ko aikin ya lalace ba ka gaya mani ba?”

Kumai ya janye hannunsa.

“Mayar masa,” ya ce.

“Baban Irene, yau kaɗai.”

“Kina so gari ya ce matata tana bin gidajen mutane tana roƙo?” Ya juyo ya dube ta tsakiyar ido, bai kawar ba. “Me na rage ki da shi?”

Tana da amsa. Amsar tana nan a bakinta, a shirye tun bara. Amma ga yayansa a tsaye, ga Hellen ta leƙo ta taga, ga idonsa cikin nata. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ba komai.”

Ta mayar da akwatin ta ɗaure yadda ta same shi. Komawar ta fi zuwan wuya, don akwai hawa daga layin dogo zuwa disfensare. Tana tsakiyar hawan sai farar fijo ta zo ta wuce ta, Rufus a gaba, wasu mata uku a baya. Motar ta ɗan rage gudu, sannan ta ci gaba. Masu zaman inuwa suna ta yi mata sannu, wani ya ce ko mai ne ya ƙare. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce na hawaye. Martins ya fito yana goge hannu.

“Har kun dawo, Madam?”

“Mun dawo. An gode.”

Ba ta sake tayar da zancen ba, shi ma haka. Washegari ya kawo mata yadin leshi daga kanti ya ajiye a kan keken ɗinki, ta ce an gode. Suka ci gaba da zama lafiya. Irene ta gama makaranta ta tafi horon malanta. Afiniki ta ɗauki 'yan koyo, ɗinkinta ya ƙara suna. Kafin shekarun nan su ƙare aka zaɓi Malam Kumai dattijon ikilisiya, ba ko hamayya.

A wani ɗaurin aure, fasto yana yi wa ango da amarya gargaɗi a kan yawan surutu da tankiya a cikin gida, sai ya ce ba sai an je nesa neman misali ba. “Ku dubi Dattijo Kumai da Mama Irene. Ku tambayi maƙwabtansu. Ba wanda ya taɓa jin muryarsu.” Jama'a suka ce amin, aka tafa. Ya ce su miƙe amarya ta gan su da kyau. Suka miƙe, shi a layin maza, ita a layin mata, suka tsaya har aka gama tafin.